Idan Laifin Wani Ya Hau Sunanka Wajen Neman Gidan Haya a Amurka

A yawancin biranen Amurka, mai gida ba ya miƙa wa ɗan haya makulli sai ya sa an bincika shi. Za a ba ka fom ka cike. Ka rubuta cikakken suna, da ranar haihuwa, da lambar nan mai alƙaluma tara da kowa ke kira Soshiyal, da adireshin gidajen da ka zauna a baya, sannan ka sa hannu cewa ka yarda a duba tarihinka. Galibi ma kai za ka biya kuɗin binciken. Daga nan mai gidan, ko kamfanin da ke kula masa da gidajen, ya tura bayananka ga wani kamfani na dabam wanda sana'arsa ke nan, kuma kafin ka isa gida rahoto ya dawo masa ta kwamfuta. A cikin rahoton akwai yadda kake biyan bashi, akwai ko an taɓa kai ka kotu don a tashe ka daga gida, akwai kuma ko sunanka ya taɓa fitowa a shari'ar laifi. Wannan na ƙarshen shi ya fi saurin rufe wa mutum ƙofa, kuma kuskure a cikinsa ya fi kowanne ciwo.

Sai ka ga mutumin da bai taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba an ce masa an ga shari'ar fashi ko ta ƙwaya a kansa, a wata jihar da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Mutanenmu da ke zaune a unguwannin Bronx da Harlem na birnin Niyu Yok da sauran biranen ƙasar, idan irin wannan ta same su, abin da ya fi zuwa musu a rai shi ne kunya. Mutum ya yi shiru, ko matarsa bai gaya wa ba, ya ce Allah ya isa, ya tafi neman wani gidan. Na fahimci wannan shirun, domin a wajenmu ko jita-jitar gidan yari tana zubar da mutunci. Amma shirun ba ya kawar da komai. Kuskuren ba a hannun mai gida yake ba, yana kwance a rumbun bayanan kamfanin da ya haɗa rahoton. Gobe idan ka je wani gidan, ka sake biyan kuɗin fom, akwai yiwuwar wannan kamfanin za a sake tambaya, ko wani da ya sayi bayanansa daga wuri ɗaya da shi, a sake ba ka amsa iri ɗaya.

Kafin a zo kan gyara, ya kamata a san yadda ɓarnar take faruwa.

Mutane da yawa suna zaton akwai wani babban littafi guda na gwamnatin Amurka da ke ɗauke da sunan duk mai laifi, wanda mai gida ke leƙawa. Hukumar FBI tana da rumbun da ta gina a kan zanen yatsu, amma ba a buɗe shi ga mai gidan haya na kasuwa ba. Bayanan shari'o'i suna warwatse ne a kotunan gundumomi sama da 3,000, ga kotunan jihohi, ga na tarayya, kowace da irin tsarinta na ajiye takardu. Kamfanonin bincike suna sayen waɗannan bayanai a dunƙule, wani lokaci daga kotunan kai tsaye, sau da yawa kuma daga hannun wasu dillalan bayanai, su zuba a rumbunsu. Takardun kotu da jama'a ke iya gani yawanci ba su ɗauke da lambar Soshiyal, wasu ma ranar haihuwar ba a cike take ba. Saboda haka idan sunanka ya shiga na'urar, abin da take da shi na gwadawa bai wuce suna da ranar haihuwa ba, wani lokaci sunan kaɗai. Ba wani ma'aikaci da zai zauna ya dubi cewa wancan mutumin ya girme ka da shekara ashirin, ko cewa yana tsare a gidan yari a lokacin da kai kake cike fom.

Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. A watan Oktoban 2018, Hukumar Kasuwanci ta Tarayya, wato FTC, ta sa kamfanin RealPage na jihar Teksas ya biya dala miliyan 3. Hukumar ta ce daga 2012 zuwa 2017 na'urar kamfanin tana buƙatar sunan ƙarshe ne kawai ya zo daidai, sauran ko kusa-kusa suka zo ya wadatar. Misalin da ta bayar shi ne, mai neman gida mai suna Anthony Jones zai iya tashi da laifin Antony Jones, ko na Antonio Jones, ko ma na mace mai suna Antoinette Jones, in dai ranar haihuwa ta zo ɗaya. A watan Disamban 2020 kamfanin AppFolio na Kalifoniya ya biya dala miliyan 4.25 kan zargin cewa yana karɓar bayanai daga wani dillali yana miƙa wa masu gidaje ba tare da ya tantance ba, har da tsofaffin bayanan da doka ta hana a fitar. A watan Oktoban 2023 kuma sashen binciken 'yan haya na TransUnion ya amince ya biya dala miliyan 15 kan kurakurai a bayanan korar 'yan haya. Duka ukun sulhu aka yi da hukuma, ba a kai ga hukuncin alƙali ba, amma kuɗin an biya.

Me ya sa kamfanonin ke sassauta ma'aunin har haka? A ganina amsar tana ga wanda suke wa aiki. Abokin cinikin kamfanin shi ne mai gida. Idan na'ura ta tsallake mai laifi na gaske, mai gida zai fusata ya koma wani kamfanin. Idan kuwa ta jingina wa marar laifi laifin wani, mai gida ba zai ma sani ba, zai ɗauki na gaba a layi ne kawai. Wanda aka cuta ba shi ke sabunta kwangila ba. Shi ya sa ban yarda a riƙa kiran abin tsautsayi ba. Sakaci ne da aka zaɓa saboda ya fi araha.

Mu kuma sunayenmu sun ƙara jefa mu cikin haɗarin. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta nuna mutum sama da miliyan 2.4 ne ke amsa sunan Smith, to amma su aƙalla suna da sunayen yanka barkatai da ke rarrabe su. Mu sunan yanka da sunan uba duk daga ƙaramin rukuni ɗaya suke fitowa: Muhammad, Abubakar, Ibrahim, Usman, Musa, Aliyu, Abdullahi. Kuma ba mu kaɗai ke amsa su ba, har da 'yan Somaliya da Sudan da Pakistan da baƙaƙen fatar Amurka da suka musulunta. Ga bambancin rubutu: fasfon Najeriya ya ce Mohammed, na Nijar ya ce Mahamadou, lasin tuƙi ya ce Muhammed. Wani ofishin ya sa sunan uba a gaba, wani ya sa shi a baya, Musa Ibrahim ya koma Ibrahim Musa. Sai batun ranar haihuwa. Da yawa daga cikin baƙin da aka haifa inda ba a rubuta haihuwa, takardunsu 1 ga Janairu suke ɗauke da shi. Ka ga ke nan suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, na'ura kuma ta mai da su mutum guda.

Akwai kuma jerin sunayen da Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ke wallafawa na 'yan ta'adda da manyan dillalan ƙwaya da aka haramta hulɗar kuɗi da su, wanda rahotannin haya da dama ke gwada sunan mutum da shi. Shari'ar TransUnion da Ramirez daga nan ta taso. A 2011 Ramirez ya je sayen mota a Kalifoniya, dillalin ya ce ba zai sayar masa ba saboda rahoto ya nuna sunansa ya yi kama da na wani a jerin, dole matarsa ta sayi motar da sunanta. Kamfanin sunan farko da na ƙarshe kawai yake gwadawa. Mutum 8,185 aka haɗa a ƙarar. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli, a watan Yunin 2021 alƙalai biyar cikin tara suka ce, game da wannan ƙazafin, mutum 1,853 da aka tabbatar an aika rahotonsu ga wani ɗan kasuwa su ne kaɗai ke da hurumin neman diyya a kotun tarayya. Ka riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa duk takardar da ke nuna cewa mai gida ya ga rahoton ƙarya a kanka take da daraja.

Ba kullum ne laifin ke zama na wani ba. Wani lokaci shari'ar taka ce, amma an ba da labarinta a karkace. An kama mutum, an kai shi kotu, alƙali ya kori ƙarar, amma rumbun kamfanin ya tsaya a ranar da ya sayi bayanin, har yau yana nuna shari'ar tana nan ba a gama ba. Ko an tuhume shi da babban laifi, aka sauko da shi zuwa ƙarami, rahoto ya ci gaba da nuna babban. Ko shari'a ɗaya ta fito sau uku saboda an samo ta daga 'yan sanda, da kotu, da hukumar gidajen yari, mai gida ya ɗauka laifi uku ne. Ko kotu ta ba da umarni a rufe fayil ɗin ko a goge shi, kamfanin bai sabunta ba. Nau'i mafi wuyar sha'ani shi ne inda wani ya ba 'yan sanda sunanka lokacin da aka kama shi, domin a nan takardar kotun da kanta sunanka take ɗauke da shi.

Dokar da ke kan duk wannan ita ce ta 1970 da aka fi sani da FCRA. Ta wajabta wa kamfanonin su bi hanyoyin da hankali zai ɗauka don tabbatar da iyakar daidaiton da zai yiwu a rahotonsu. Kariyarta ta shafi kowane mutum, ba ta gindaya sharaɗin zama ɗan ƙasa ba. A watan Nuwamban 2021 hukumar kare masu hulɗar kuɗi, CFPB, ta fitar da fatawa cewa gwada suna kaɗai ya saɓa wa wannan doka. A watan Mayun 2025 hukumar ta janye takardun jagora 67 har da wannan. Fatawar ce aka janye. Dokar majalisa tana nan, kotuna kuma suna aiki da ita.

Haƙƙinka na farko yana kan mai gida. Idan ya hana ka gidan saboda abin da ya gani a rahoto, ko da rahoton ɓangare ne kawai na dalilinsa, dole ya sanar da kai. Haka idan bai hana ka ba amma ya ƙara maka kuɗin haya, ko ya nemi kuɗin ajiya fiye da na kowa, ko ya ce sai ka kawo wanda zai tsaya maka. Sanarwar dole ta ƙunshi sunan kamfanin da ya haɗa rahoton, da adireshinsa, da lambar wayarsa, ta gaya maka cewa ba kamfanin ne ya yanke shawarar ba, ta kuma gaya maka kana da ikon karɓar rahoton kyauta cikin kwana 60 da ikon ƙalubalantarsa. Doka ta yarda ya faɗa da baki, amma kai ka nema a rubuce, ko ta imel ko ta saƙon waya. Masu gidaje da yawa, musamman ƙanana, ba su san wannan wajibin ba, sai su ce kawai an ba wani. Ka tambaya cikin ladabi: an yi bincike a kaina, wane kamfani ne ya yi? Kada ka tsaya cacar baki da shi. Ba shi ya rubuta rahoton ba, kuma wataƙila nan da 'yan kwanaki za ka so ya sake duba takardarka. Idan zai ba ka kwafin da ke hannunsa, ka karɓa nan take, ya rage maka jira.

Da sunan kamfani ya shigo hannunka, ka nemi cikakken fayil ɗinka a ranar. Idan ya zo, ka zauna da biro ka bi shi layi-layi. Kowace shari'a tana da sunan kotu, da gunduma, da lambar shari'a, da kwanan wata. Ka dubi yadda aka rubuta sunan wanda ake tuhuma, da sunansa na tsakiya, da shekarar haihuwa, da siffarsa idan an saka: tsayi, launin fata, namiji ne ko mace. Sau da yawa a nan ne ƙaryar ke tonuwa. Ka kuma dubi shekarun shari'ar. A dokar tarayya, kamun da bai kai ga samun mutum da laifi ba bai kamata ya fito ba idan ya wuce shekara bakwai, kuma a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 9, a wata shari'ar ɗan haya, ta ce lissafin yana farawa ne daga ranar da aka shigar da tuhumar, ba ranar da aka kore ta ba. Hukuncin da aka samu mutum da laifi kuwa, tun gyaran 1998 dokar tarayya ba ta sa masa wa'adi ba, sai dai wasu jihohi irin su Kalifoniya sun taƙaita shi a shekara bakwai.

Sai hujja. Kotun da aka ambata a rahoton ita ce rijiyar, kamfanin guga ne kawai. In ruwan daga ƙasa ya gurɓace, sauya guga ba zai yi magani ba. Don haka ka tuntuɓi ofishin magatakardan kotun da lambar shari'ar. Idan shari'ar taka ce, ka nemi takardar da ke nuna yadda ta ƙare, mai hatimin kotu. Idan an rufe ta ko an goge ta, ka nemi kwafin umarnin alƙali. Idan ba taka ba ce, ka nemi takardun da ke nuna bayanan ainihin wanda aka tuhuma, ko wasiƙar da ke cewa kotun ba ta da shari'a a kan mai sunanka da ranar haihuwarka. Ka haɗa da katin shaidarka da duk abin da ke nuna inda kake a lokacin: takardar haya, takardar albashi, ko hatimin shigowa da ke fasfonka. Wanda ya sauka ƙasar a 2016 ba zai yi laifi a cikinta a 2009 ba. Idan kuskuren a fayil ɗin kotun yake, sai an gyara shi a can, in ba haka ba duk kamfanin da ya sake ɗebo bayani zai dawo da shi. Wanda aka yi amfani da sunansa wajen kamu kuwa, zanen yatsa ne ke raba gardama. Kowa na iya neman tarihinsa daga FBI da dala 18, kuma 'yan sanda ko kotun yankin na iya gwada yatsunsa da na wanda aka kama su ba shi takardar wankewa.

Gargaɗi ɗaya a nan ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna. Idan shari'ar taka ce da gaske, ko takardun zamanka ba su kammala ba, ka ga lauyan shige da fice kafin ka kai kanka wata hukuma ko ka nemi kotu ta taɓa fayil ɗin. Goge laifi a kotun jiha galibi ba ya goge shi a idon hukumar shige da fice.

Ƙalubalen ka yi shi a rubuce. Kamfanonin suna da waya da shafin intanet, amma wasiƙar gidan waya mai rajista, wadda ake sa hannu idan an karɓa, ita ce ke ba ka ranar da ba a iya musawa. Ba sai ka yi dogon Turanci ba. Ka rubuta sunanka da lambar rahoton, ka nuna layin da ba daidai ba, ka faɗi dalili a jimla ɗaya ko biyu, ka lissafa takardun da ka haɗa, ka nemi a cire ko a gyara. Kwafi za ka aika, asalin takardun su zauna a hannunka. Daga ranar da wasiƙar ta isa, kamfanin yana da kwana 30 ya sake bincike kyauta. Idan ka aika ƙarin bayani a tsakiyar wa'adin, doka ta ba shi damar ƙara kwana 15, shi ya sa ya fi kyau ka tattara komai ka aika lokaci guda. Abin da ya gano ba daidai ba ne, ko ya kasa tabbatarwa, dole ya goge ko ya gyara. Wannan sharaɗin na kasa tabbatarwa mutane ba su cika lura da ƙarfinsa ba. Ba kai ne za ka kawo mai laifin ba, su ne za su nuna cewa kai ne shi. Bayan sun gama, suna da ranakun aiki biyar su aiko maka sakamako a rubuce tare da sabon rahoto. Kana da ikon sa su aika gyaran ga duk mai gidan da ya karɓi tsohon cikin wata shida da suka wuce, amma sai ka nema, ba sa yi da kansu. Kana kuma da ikon tambayar yadda suka yi binciken da wanda suka tuntuɓa. Idan suka dage a kan bakansu, za ka iya saka taƙaitaccen bayaninka a fayil ɗin, wanda suke iya ƙayyadewa a kalma 100, domin mai gida na gaba ya ga cewa ana jayayya.

Inda dokar ta gaza shi ne lokaci. Kwana 30 a kasuwar haya irin ta Niyu Yok tamkar shekara ce. Dokar tarayya ba ta tilasta wa mai gida ya ajiye maka gidan ba, ba ta ma tilasta masa ya sake duba takardarka bayan gyara ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a wannan dokar dai, mai ɗaukar ma'aikaci dole ya ba ka kwafin rahoto kafin ya hana ka aiki, amma mai gida sai bayan ya hana ka zai sanar da kai. Wurin kwanan iyali bai kamata ya gaza aiki kariya ba. Saboda wannan giɓin, kada ka jira kamfanin. A ranar da ka aika wasiƙar, ka kai wa mai gida kwafinta da hujjojinka, ka roƙe shi ya duba da idonsa. Wasu za su ƙi. Wasu kuwa, idan suka ga hatimin kotu da fasfo, za su gane nan take.

Gidajen gwamnati da takardar tallafin haya da ake kira Sashe na 8 sun fi sauƙi ta wannan fuskar. Ƙa'idar tarayya ta ce kafin hukumar gidaje ta hana mutum saboda tarihin laifi, sai ta ba shi kwafin bayanin da damar jayayya kan ko daidai ne da ko ya shafi batun. Wa'adin neman zaman sauraro yana cikin wasiƙar da za su aiko, kuma gajere ne. Wasu wuraren kuma sun yi nasu dokokin don toshe giɓin. Jihar Niyu Jasi tun 1 ga Janairun 2022 ta hana yawancin masu gidaje tambayar tarihin laifi sai bayan sun yi wa mutum tayin gida. Birnin Niyu Yok ya bi sahu daga 1 ga Janairun 2025: sai an gama duba sauran sharuɗɗa an yi tayi sannan a yi binciken laifi, kuma, ban da masu laifin lalata da ke cikin rajista, babban laifin da bai wuce shekara biyar ba da ƙaramin da bai wuce uku ba kaɗai za a duba, a ba mutum kwafi da ranakun aiki biyar ya nuna kuskure. Jihar Niyu Yok tun 2019 ta ƙayyade kuɗin binciken a dala 20, ta kuma ce a yafe shi idan mai nema ya kawo nasa rahoton da bai wuce kwana 30 ba. Dokokin sun bambanta daga gari zuwa gari, don haka ka tambayi ofishin taimakon shari'a na kyauta ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta garinku.

Idan wa'adi ya cika kamfanin bai amsa ba, ko ya ce ya tabbatar da abin da kai ka san ƙarya ne, ko ya cire ya sake dawo da shi a ɓoye, to magana ta wuce wasiƙa. Ka kai ƙorafi ga CFPB da FTC da ofishin antoni janar na jiharku, sannan ka ga lauya. Mutanenmu suna tsoron kuɗin lauya, alhali dokar ta ce kamfanin da aka kayar shi zai biya lauyan mai ƙara, shi ya sa lauyoyi da yawa na wannan fannin ba sa karɓar komai a farko. Idan sakaci ne, za a biya ka asarar da ka yi, kamar kuɗin fom da na otal da bambancin hayar gidan da ka koma dole, kuma kotuna suna lissafa damuwar da aka jefa mutum. Idan da gangan ne ko da ganganci, doka ta tanadi dala 100 zuwa 1,000 ko da ba ka nuna asara ba, ban da diyyar horo da kotu ke iya ƙarawa. Wa'adin shigar da ƙara shekara biyu ne daga ranar da ka gano, kuma ba ya wuce shekara biyar daga ranar da aka yi ɓarnar. A nan ne sanarwar mai gida, da rasidan gidan waya, da tsohon rahoton, da sabon, suke zama shaidunka. Ka ajiye su a fayil ɗaya.

Gyara a kamfani ɗaya ba ya nufin an gyara a sauran, domin kamfanonin suna da yawa kuma ba sa sanar da juna. Duk wanda ya taɓa cin karo da wannan, ko yake ɗauke da suna irin namu da ranar haihuwar 1 ga Janairu, ya kamata ya riga mai gida ganin rahotonsa. Doka ta ba kowa damar karɓar fayil ɗinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin tarihin haya masu aiki a faɗin ƙasar. Ka nema wata biyu kafin hayarka ta ƙare. Kafin ka biya kuɗin fom ka tambayi mai gida kamfanin da yake aiki da shi. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a katin shaidarka, har da na tsakiya, kada ka taƙaita shi. Idan ka san akwai wani takwaranka mai shari'a, ka faɗa tun farko, takardar wankewarka a hannu.

Kirana ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu na can shi ne su riƙa faɗar wannan a fili, bayan sallar Juma'a da wajen taron suna, su kuma nemo wa jama'a lambar ofishin taimakon shari'a mafi kusa. Ɗan'uwa ko 'yar'uwar da aka hana gida saboda laifin da ba nasu ba, a raka su su nemi rahoton kafin kwana 60 ɗin nan su cika.